Labarin ƴan fashin teku da ɓoyayyar dukiya: yaya zan rubuta shi ba a kama ni da shirme ba?

Ƴar Bagalam

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shirya ƙagaggen labari mai babi 30 wanda zan riƙa sakewa a WhatsApp, na ƴan fashin teku a zamanin jiragen da iska ke turawa. Ga yadda na tsara shi: a shekarar 1720 wani saurayi ɗan Maraɗi ya gaji wata taswira daga kakansa, ya shiga cikin ƴan fashi, suka nufi wani tsibiri, ya haƙo akwati cike da zinariya, ya saɓa a kafaɗa ya gudu ya bar su. Yaya zan kai shi bakin teku? Ta yaya jirgi ke gane tsibiri a tsakiyar ruwa? Me suke ci, me suke sha? Kuma ina ne masu irin wannan rubutu suka fi yin tuntuɓe? Mu nan ruwan da ya fi girma a kusa da mu tafkin Madarunfa ne, ku taimaka.

Tsohon Malamin Tarihi

Wa alaikumus salam ƴata. Shekarar da kika zaɓa ta yi, garin ne bai yi ba. A 1720 babu daular Maraɗi. Sai bayan jihadi, da sarakunan Katsina suka rasa birninsu wajen 1807, zuriyarsu ta zo ta kafa mulki a nan wajen 1819. Saboda haka jaruminki Bakatsine ne daga Birnin Katsina, ko Bagobiri. Idan kina son Maraɗi ta fito, ki sa jikan jikansa ne ke ba da labarin a nan, da takardar a cikin gafaka.

Tsakaninmu da teku ya fi kilomita 800, kuma hanyar da kika bi da shi ita za ta zaɓa miki ruwan da zai faɗa. Ta arewa, ayari ya bi Agadas da Gat zuwa Tarabulus, inda masu farautar jirage na Tarabulus da Tunis da Aljiyas ke aiki da izinin sarakunansu. Waɗannan ba ƴan tawaye ba ne, sarki na da kasonsa a ganima. Ta kudu, fataken goro zuwa Gwanja ta arewacin Gana ta yau, daga can a kama shi a sayar zuwa gaɓa. Wannan na yiwuwa, amma Hausawa ba su yi yawa a jiragen bayi ba sai wajen 1800 zuwa sama, lokacin da aka kwashi da yawa zuwa Bahiya ta Barazil, har suka yi bore a 1807 da 1814. Ta gabas kuma hanyar hajji ce, a tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda. A ganina wannan ta fi daɗi, don a can aka yi fashi mafi tsoka: a 1695 Henry Every ya kama Ganj-i-Sawai, jirgin sarkin Indiya Aurangzeb, yana komawa Surat da alhazai da dukiya. Kowane ɗan fashi ya tashi da kusan fam 1,000, aka kuma yi wa fasinjoji, musamman mata, ta'asar da ba ta faɗuwa. Ba a taɓa kama Every ba.

Idan kin fi son gaɓar Afirka ta Yamma, ki riƙe sunan Bartholomew Roberts. Ma'aikaci ne a jirgin bayi, ƴan fashi suka kama shi a Anomabu ta ƙasar Gana ta yau a 1719, bayan ƴan makonni suka zaɓe shi kyaftin. A Janairun 1722 ya shiga Wida, wadda ke yamma da Kwatano, ya tarar da jirage 11 suka miƙa wuya, ya sa wa kowanne fansar garin zinariya. Ɗaya ya ƙi biya, mutanensa suka cinna masa wuta da bayi kusan 80 ɗaure a ciki. Ranar 10 ga Fabrairu na wannan shekara jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya riske shi a gaɓar Gabon, mutanensa na cikin maye, harbin igwa ya kashe shi. An rataye 52 daga cikinsu a Kef Kos ta gaɓar Gana, baƙaƙen fatar da ke jirgin kuwa aka sayar da su bayi ba tare da shari'a ba. Ki lura da wannan na ƙarshe. Baƙin mutum a jirgin ƴan fashi yakan zama mai kaso, yakan kuma zama kayan sayarwa, kuma jaruminki ba zai taɓa sakin jiki ya san wanne ne shi ba. Wannan fargabar kaɗai ta isa ta riƙe babi goma.

Ɗan Gulbi

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙanwata, ni ɓangaren jirgi zan taɓa, don nan ne ake yawan zuba shirme.

Fara da ruwan sha. Ki ɗauki alƙalami ki yi lissafi kafin ki rubuta babin tafiya: mutum 80, kowa lita 3 a rana har da girki, kwana 40, ya zama lita 9,600. Jarka mai lita 25 guda 384 ke nan, kusan tan 10. Cikin gangunan katako ake zuba shi, bayan ƴan makonni ya yi kore ya soma wari, shi ya sa suke gauraya shi da barasa. Abinci kuwa naman da aka jiƙa da gishiri (kada ki kawo kilishi a rai, wannan sai an kwana ana jiƙa shi kafin ya ciwu), busasshen biskit mai taurin dutse da ƙwari a ciki, da wake. Bayan wata biyu zuwa uku ba ɗanyen ganye ba ƴaƴan itace, sai ciwo ya shigo: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon tabo ya sake buɗewa. Lemun tsami ne maganinsa, amma sai a 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya ɗan Scotland, James Lind, ya gwada hakan a tsare, don haka a 1720 mutanenki na ganin wanda ya sauka tudu ya warke, ba su san dalili ba.

Sai gane hanya. Matuƙi na iya sanin nisansa arewa ko kudu: ya auna tsayin rana da tsakar rana, ko tsayin tauraron arewa da dare. Daga Maraɗi tauraron nan na sama da gefen ƙasa da kusan digiri 13 da rabi, kina yin kudu yana sauka, kina kusantar layin ikwaita ya ɓace. Digiri ɗaya kilomita 111 ne. Nisan gabas da yamma kuwa ba su da hanyar auna shi, sai da aka samu agogon John Harrison da aka gwada a 1761. Abin da suke yi kirdado ne. Ana jefa wani ɗan katako a bayan jirgi ɗaure da igiya mai ƙulli a kowace mita 14 da ɗoriya, a juya agogon yashi na sakan 28, a ƙirga ƙulli nawa suka zare. Ƙulli biyar na nufin jirgi na cin kilomita 9 da ƴan kai a awa. A haɗa da alƙiblar da kamfas ya nuna, a rubuta. Kuskure na taruwa kullum, don ruwan kansa tafiya yake yi yana jan jirgi gefe. Dabarar da suke yi ita ce su hau layin da tsibirin yake tun suna nesa, da gangan ta gefe ɗaya, sannan su miƙe gabas ko yamma a kan layin har su ci karo da shi. Wanda ya nufi tsibiri kai tsaye ya kuskure, bai san ko dama zai juya ko hagu ba, ga ruwan sha na ƙarewa. Alamun kusantar ƙasa: gajimare da ya tsaya cak wuri ɗaya, tsuntsaye masu komawa gida da yamma, ganye a kan ruwa. Daga nan sai a riƙa jefa dalma ɗaure da igiya ana ƙirga zurfi da gaba, wato buɗin hannu biyu, mita 1.8. Ana cusa kitse a gindin dalmar don ta ɗauko yashi ko laka ko ɓawon kifi, matuƙi ya san irin ƙasan da ke ƙarƙashinsa kafin a saki anka.

Jirgin zane, wato wanda iska ke turawa ta manyan zannuwa, ba ya fuskantar iska. Babba mai zannuwa masu kusurwa huɗu ba ya matsawa kusa da inda iska ke fitowa fiye da kusan digiri 67, sai ya yi ta karkace-karkace. Tafiyar kilomita 200 a yini da dare tafiya ce mai kyau, kuma kusa da ikwaita iska kan ɗauke ɗif a yi kwanaki a tsaye. A gaɓar Gana zuwa Wida ruwa gabas yake gudu, zuwa da sauƙi, komowa da wuya, shi ya sa jirage ke gangarawa tsibiran Sawo Tome da Firinsife su sha ruwa kafin su yanki yamma. Hazon hunturu da muka sani yana kaiwa har can daga Disamba zuwa Fabrairu, ya rufe gaɓa. Ga kyakkyawar mafaka ga jirgin da ake kora. Wida kuma ba ta da tashar da jirgi zai raɓa, nesa yake tsayawa, masu kwalekwale su ratsa raƙuman ruwa da kaya, in ya kife kifin shak na jira.

Abin da kusan kowa ke mantawa: a ruwa mai ɗumi akwai wata tsutsa mai huda katako kamar gara, ga ciyawa da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa gindin jirgi su rage masa gudu. Ba a soma lulluɓe gindi da jan ƙarfe ba sai wajen 1760. Duk bayan wata biyu ko uku dole a nemi lungu mai yashi, a sauke igwa da kaya duka, a ɗaura igiya a turken zane a kwantar da jirgin a gefe, a babbake, a kankare, a toshe, a shafa kwalta da kitse da farar wuta, a juya ɗaya gefen. Aikin makonni ne, kuma jirgi kwance ba ya gudu ba ya harbi. In kina neman inda abokin gaba zai bayyana, nan ne.

Faɗa kuma ki rage shi. Jirgin ƴan kasuwa na da mutum 15 ko 20, na ƴan fashi 80 ko fiye. Sukan ɗaga tutar ƙarya su matso, sannan su ɗaga baƙa, ma'ana ku miƙa wuya a bar ku da rai. Ja na nufin ba sassauci. Ba sa son nutsar da abin da suka zo sata, don haka sarƙa suke harbawa ta yayyaga zane da igiyoyi. Ƙaramar bindiga harbi ɗaya take yi kamar ta maharba, in albarushi ya jiƙe ta zama sanda.

Hajiya Mai Alƙalami

Ɗiyata, wannan akwatin da ya saɓa a kafaɗa, ki sauke masa shi tun kafin masu karatu su sauke miki. Kuɗin da ya fi yawo a lokacin azurfar Sifen ce, kowace ɗaya giram 27, kusan nauyin tsohon riyal na azurfa da kakanni ke ajiyewa. Guda 10,000 kilo 270 ne. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 30, in an cika shi da tsabar azurfa ya haura kilo 400, buhun gero huɗu. In zinariya ce ya haura kilo 700, gindin akwatin ma ɓallewa zai yi. To yanzu labari ya samu: ba ya iya ɗauka shi kaɗai, dole ya amince da wani. Mutum nawa zai gaya wa? Sawu nawa zuwa bakin ruwa? Wa zai tsare abin da aka kai yayin da ake komawa ɗauko saura? Kwalekwale zai ɗauki nauyin ko nutsewa zai yi? Samun dukiyar ya zo a babi na 18 ko na 20, kada ki kai shi na 30. Abin da ya biyo baya shi mai karatu zai hana kansa barci a kai.

Gaskiyar tarihi kuma, ƴan fashi ba su cika binne dukiya ba. Rabawa suke yi nan take su cinye a mashaya da caca. Wanda aka tabbatar shi ne William Kidd, da ya binne wani kaso a tsibirin Gardiner kusa da Niyok a 1699, hukuma ta tono shi ba da jimawa ba ta yi shaida da shi, aka rataye shi a Landan a 1701. Taswira mai alamar gicciye ƙirƙirar marubuta ce. Wannan bai hana ki ba, sai dai ki ba da dalilin binnewa mai ƙarfi: jirgi ya huje dole a rage nauyi, ko jirgin yaƙi na tafe, ko wani ne ya saci kason jama'a yana ɓoye wa ƴan uwansa. Na ukun ya fi, saboda dokarsu.

Eh, suna da doka a rubuce, kowa ya sa hannu. A ta Roberts kowa na da ƙuri'a, kyaftin da mai rabon ganima kaso biyu-biyu, manyan ma'aikata ɗaya da rabi ko ɗaya da kwata, saura ɗaya-ɗaya. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa a ba shi azurfa 800. A kashe fitila ƙarfe 8 na dare, ba caca da kuɗi, ba faɗa a cikin jirgi sai an sauka tudu, wanda ya ha'inci jama'a a yar da shi a tsibirin da ba kowa. Kyaftin ba sarki ba ne, zaɓensa ake yi a kuma tsige shi, ikonsa cikakke sai lokacin kora da faɗa. Ki kwatanta da ayarin fatake: madugu, jagaba mai sanin hanya, uban dawaki mai tara kuɗi da rabo. Mai karatunmu zai gane nan da nan ba sai kin yi dogon bayani ba.

Ganimar ma yawanci ba zinariya ba ce: yadi, sukari, taba, igiya, albarushi, magani. Edward Teach, mai laƙabin Baƙin Gemu, ya tare tashar Calston ta Amurka a 1718, abin da ya nema a fansa akwatin magani ne. Kafinta da likita kuwa da ƙarfi ake tafiya da su. Ga wata dabara in kina so: wuri daga tsibiran Maldibs ake kwaso shi tan-tan zuwa Wida, kuɗi ne sosai a lokacin. Jika ya sha wahala ya tono gangunan kakansa bayan wuri ya daina ciniki.

Ki kula da yadda abin zai kasance in an tono. Zinariya ba ta canzawa. Azurfar da ta daɗe a ruwan gishiri baƙi take yi ta manne guri ɗaya kamar dutse. Katako ya ruɓe, ƙarfe ya zama dunƙulen tsatsa. Jirgin Whydah na ɗan fashi Sam Bellamy ya nutse a gaɓar Amurka a Afrilun 1717, aka gano shi a 1984, har da kayan adon zinariya na mutanen Akan na Gana a ciki, kuma a irin waɗannan dunƙule-dunƙule ake fasa kayan.

Ƴar Bagalam

Na gode Baba, na gode Yaya, na gode Hajiya. Na sauke akwatin. Amma taswirar fa? Ba na son gicciyen nan na Turawa, kuma ina son a ce wasu sun riga shi samun takardar suka kasa.

Almajirin Tibiri

Ƙanwata, kayan aikin na gidanmu. Kakan ya kasance malami, ya rubuta da ajami da tawada, lambobin kuma ya ɓoye su da hisabin haruffa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa sama. Akwai ma malamin da za ki jingina da shi, Muhammad al-Katsinawi, wanda ya je hajji, ya rubuta littafi kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mai gida tara shi ne 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta ko'ina aka haɗa 15. Ki rarraba kalmomi tara a gidajen, ba za su ba da ma'ana ba sai an karanta su bisa jerin 1 zuwa 9.

Ga kuma dalilin da wasu za su kasa. Hisabi iri biyu ne. A na gabas, na Masar da Hijaz, sin 60 ne, sadi 90, shin 300. A na Magariba, wanda malamanmu ke bi, sadi 60 ne, sin 300, shin 1,000. Kakan ya rubuta sin yana nufin taku 300. Balaraben da ya saci takardar a Jidda ya karanta 60, ya haƙa rami a inda ba komai, ya yar da ita yana zagi. Sai wanda ya yi karatun allo a ƙasar Hausa zai karanta daidai, kuma ga dalilin da ƴan fashi ba za su kashe jaruminki ba tukuna.

Alamar da za a fara ƙirga daga gare ta kada ta zama itace ko tudun yashi, shekara 30 ta isa ta kawar da su. Dutse biyu da ke haɗuwa a ido in an tsaya wuri ɗaya sun fi. Takun mutum ma ba ɗaya ba ne: in kakan dogo ne jikan gajere, bambancin santimita 10 a taku 300 ya zama mita 30.

Ɗan Gulbi

Malam na Tibiri ya kawo ta inda ban zata ba. Ƙari biyu. Allurar kamfas ba ainihin arewa take nunawa ba, kuma karkatarta na sauyawa da shekaru, don haka alƙiblar da aka ɗauka da kamfas shekara 40 baya za ta kauce. Malami mai hankali da mafitar wani tauraro zai ɗaure ta, don ita ba ta gusawa a rayuwar mutum. Na biyu, teku na cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, kullum yana jinkiri da kusan minti 50, kuma ya fi janyewa sosai a tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, ko kwana ɗaya biyu bayan haka. Takardar na iya cewa bakin kogon ba ya buɗewa sai a waɗannan ranaku, na awa ɗaya ko biyu. Sai dai ki zaɓi wurin da hakan ke aiki: a Bahar Maliya bambancin kaɗan ne, a tsibiran Bijagos na Gini Bisau da yammacin Madagaska kuwa mitoci ne. Kuma a ƙaramin tsibiri mai yashi, rami na wuce mita ɗaya ko biyu ruwa zai tsattsafo gefuna su rufta, don haka kakan ba zai binne da zurfi ba, kan tudu zai hau.

Tsohon Malamin Tarihi

Gyara ɗaya ƴata. In kin ɗauki shawarar jingina da al-Katsinawi, ki matsar da shekarun: kakan ya tsallaka Bahar Maliya a zamanin Every, wajen 1695, jikan ya bi sawu bayan 1730. A lokacin manyan ƴan fashin Turawa sun ƙare, an rataye Olivier Levasseur na Faransa a tsibirin Reyuniyon a 1730, saura tsofaffin da suka zauna a Madagaska suka yi aure suka hayayyafa. Cikinsu za ki samo wanda zai tuƙa masa jirgi, tsoho mai hannu ɗaya da ya san kakan, yana kuma ganin har yanzu yana bin kasonsa.